Zubar da ciki a Nijar: tarihin doka, siyasa da zaman jama'a, daga Damagaram zuwa yau

A Jamhuriyar Nijar zubar da ciki laifi ne da kundin hukunta laifuka ya tanadar wa ɗauri da tara. Sai dai tun daga ranar 21 ga watan Yunin 2006, dokar lafiyar haihuwa ta keɓe hali biyu da ta yarda likitoci su cire ciki: idan ci gaba da goyonsa zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko kuma idan an tabbatar abin da ke cikin yana ɗauke da cuta mai tsanani. Cikin fyaɗe ba ya cikin waɗannan biyun, haka ma cikin da muharrami ya yi. Kusan kowa ya san haramcin, amma kaɗan ne suka san keɓewar.

Wannan tsari ya fito ne daga tushe uku: fiƙihun Malikiyya da alƙalan masarautu irin ta Damagaram suka yi aiki da shi, dokokin da Faransa ta bari bayan mulkin mallaka, da kuma yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da Nijar ta karɓi wasu ta ƙi wasu. Jihar Zinder, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012 da mutum sama da miliyan 3 da rabi, tana da hannu a matakai da dama na wannan tarihi.

Kalmomin da ake amfani da su

Hausa ta raba abu biyu da Faransanci yake haɗawa a kalma ɗaya. Ɓari shi ne cikin da ya zube da kansa, kuma mai ɓari abin tausayi ce, ana zuwa yi mata sannu. Zubar da ciki kuwa shi ne wanda aka yi da gangan. A takardun asibiti duka biyun sunansu avortement, sai a ƙara bayanin ko da kansa ya zube ko sa shi aka yi. Doka tana kiran na gangan da IVG. Aikin da ake yi wa mace don fitar da abin da ya rage a mahaifa bayan ciki ya zube, shi jama'a ke kira wankin ciki.

Tsakanin ɓari da zubarwa akwai wani fili da ba a cika faɗar sunansa ba. Macen da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu ba lalle ta ce tana da ciki ba, tana iya cewa jini ne ya tsaya mata, ta nemi maganin da zai saukar da shi. Akwai kuma kwantacce, wato cikin da aka yi imani ya kwanta a mahaifa har tsawon shekaru kafin ya tashi. Malikiyya ta amince ciki na iya kai shekara huɗu ko biyar, abin da ya sha rufa asirin zawarawa. Wannan hujja na cikin waɗanda suka kuɓutar da Amina Lawal a kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina a watan Satumban 2003.

Zamanin masarauta

A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, Damagaram babbar daula ce mai alƙalai da malamai. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Birni su ne na Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muktasar na Halilu. A cikin mazhabobi huɗu, Malikiyya ce ta fi tsanantawa a wannan mas'ala. Maganar da ta shahara a cikinta, kamar yadda Dardiri ya kawo a sharhinsa na Muktasar, ita ce ba ya halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai cika kwana 40 ba. Malam Lahmi, shi ma Bamalike, ya sassauta kafin kwana 40. Da yawa daga malaman Hanafiyya sun ba da dama kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Bayan busa rai kuwa, wanda aka fi ƙiyastawa da kwana 120, duka mazhabobin sun haɗu a kan haramci, kuma malaman wannan zamani ba su keɓe komai ba sai ceton ran uwa.

Hukuncin da fiƙihu ya tanada diyya ce, ba kaso ba. Wanda ya yi sanadin faɗuwar ɗan tayi zai biya abin da ake kira gurra, wadda Risala ta ƙiyasta da dinari 50 ko dirhami 600, wato kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. A rayuwar yau da kullum kuma, sha'anin ciki da haihuwa yana hannun ungozoma da tsofaffin gida. Tazarar haihuwa ana samunta ne ta hanyar shayarwa mai tsawo da goyon ciki a gidan iyaye, kuma rurrutsa, wato samun ciki kafin a yaye na goye, abin kunya ne ga mata da miji.

Gadon Faransa

Sojojin Faransa sun shiga Zinder a watan Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma garin ya zama babban birnin yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da hedikwata Yamai. A Faransa, ayar doka ta 317 ta kundin laifuka na 1810 ita ce ke hukunta zubar da ciki. Bayan yaƙin duniya na farko, da ƙasar ta yi asarar samari sama da miliyan ɗaya, majalisarta ta kafa dokar 31 ga Yulin 1920 wadda ta haramta kwaɗaitar da mutane ga zubar da ciki, ta kuma haramta tallar hanyoyin hana ɗaukar ciki. An ƙara tsananta hukuncin a 1939. Manufar ita ce a ƙara yawan Faransawa, kuma an shimfiɗa dokar zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma, inda Turawan mulki ke kukan ƙarancin ma'aikata da masu biyan haraji.

A farkon mulkin mallaka kotunan gargajiya ne ke yi wa talakawa shari'a a ƙarƙashin sa idon kumandan. Dokar 30 ga Afrilun 1946 ta soke wannan tsari a fannin laifuka, kundin Faransa ya hau kan kowa. Daga nan ne rabon da ake gani har yau ya kafu: aure da saki da gado suna bin al'ada da addinin masu ƙara, laifuka kuma suna bin rubutacciyar dokar gwamnati.

Faransa kanta ta sauya hanya daga baya. Ta halatta magungunan hana ɗaukar ciki a 1967, dokar Simone Veil ta 17 ga Janairun 1975 ta halatta zubar da ciki a makonnin farko, sannan a watan Maris na 2024 aka shigar da shi cikin kundin tsarin mulkinta. Yawancin ƙasashen da ta mulka sun ci gaba da riƙe tsohon rubutun shekaru da dama bayan ita ta ajiye shi.

Kundin 1961

Shekara ɗaya bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kundin hukunta laifuka ta hanyar doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yulin 1961. Ayoyi na 295 zuwa 297 ne suka yi magana a kan zubar da ciki, kuma lafazinsu kusan ɗaya ne da na Faransa na wancan lokaci. Wanda ya zubar wa mace da ciki, ko ya yi yunƙurin haka, da yardarta ko ba da yardarta ba, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ne da tarar jika 50 zuwa jika 500 na sefa. Idan ya mayar da abin sana'a, ɗaurin ya koma shekara 5 zuwa 10. Matar da ta zubar da nata da kanta, ko ta yarda aka yi mata, za a iya ɗaure ta wata 6 zuwa shekara 2 da tarar jika 20 zuwa jika 200. Likita, ungozomar asibiti ko mai sayar da magani da aka samu da hannu, ban da ɗauri ana iya hana shi aikinsa. Gyaran fuskar da aka yi wa kundin a watan Yunin 2003, wanda ya shigar da laifin bauta da kaciyar mata, bai ɗage wannan haramci ba.

Kundin ya kuma tanadi hukunci mai nauyi ga kisan jariri sabon haihuwa. Lauyoyi da masu bincike sukan haɗa batutuwan biyu, domin yarinyar da ta yi cikin gaba da fatiha, ta ɓoye shi wata tara don tsoron abin kunya, ita ce sau da yawa ke ƙarewa a gaban kotun manyan laifuka, wanda ya yi mata cikin kuma ba a jin ɗuriyarsa. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta yi dogon bayani a kan haka a littafinta na 2019 game da tarihin haihuwa a Nijar, haka ma marigayiya Hadiza Moussa ta cibiyar LASDEL a bincikenta kan matan Yamai da aka wallafa a 2012.

Daga Matamaye zuwa dokar 1988

Canji na farko ya zo ne ta ƙofar tazarar haihuwa, kuma a ƙasar Damagaram aka furta shi. A 1985, ana tsakiyar yunwar da mutane suka laƙaba wa El Buhari, Janar Seyni Kountché ya yi jawabi a Matamaye inda ya nuna cewa yawan jama'a na ƙaruwa fiye da abin da gonaki ke bayarwa. Tun a 1984 aka buɗe cibiyar lafiyar iyali ta ƙasa a Yamai. Ranar 7 ga Afrilun 1988, zamanin Janar Ali Saibou, aka fitar da dokar da ta halatta amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa, shekara 68 bayan dokar Faransa ta 1920. Haramcin zubar da ciki bai motsa ba.

Da guguwar dimukuraɗiyya ta zo a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin mata da ƙungiyoyin addinin Musulunci suka samu bakin magana a lokaci ɗaya. Daftarin kundin iyali da aka shirya a 1993 ya ci karo da adawar malamai, aka jingine shi, kuma yunƙurin da aka sake yi a 2011 bai kai labari ba. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, amma ta gindaya sharuɗɗa a kan ayoyin da suka shafi aure da gado. Tun daga lokacin, duk dokar da ta taɓa jikin mace ko zaman aure sai ta bi ta wannan mashigi.

Watan Yunin 2006

Abubuwa biyu da suka faru a wata guda su ne suka tsara halin da ake ciki. Na farko ya shafi yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, wadda aka amince da ita ranar 11 ga Yulin 2003. Ayarta ta 14 ta nemi ƙasashe su ba da damar cire ciki a asibiti idan an yi fyaɗe, ko muharrami ne ya yi cikin, ko yana barazana ga lafiyar jiki ko ta hankalin uwa, ko ga ranta ko ran ɗan tayin. Gwamnatin Mamadou Tandja ta sa hannu a 2004, amma a farkon Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi tabbatar da ita: ƴan majalisa 42 suka ƙi, 31 suka amince, 4 suka yi rowar ƙuri'a. Shekarun aure, auren mace fiye da ɗaya, rabon gado da zubar da ciki su ne abubuwan da aka fi jayayya a kansu. A 2009 wasu ƙungiyoyin mata Musulmi sun yi gangami a Yamai suna kira da kada a sake kawo ta.

Na biyu shi ne doka mai lamba 2006-16 kan lafiyar haihuwa. Ayarta ta 16 ta fara da bayyana cewa ba za a taɓa ɗaukar zubar da ciki a matsayin hanyar tazarar haihuwa ba, sannan ta kawo hali biyun da aka keɓe. A duka biyun sai rukunin likitoci sun ba da izini, ba likita ɗaya ba, kuma a batun cutar ɗan tayi sai mata da miji sun nema tare. Wannan sharaɗi ya yi kama da fatawar da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta bayar a Makka a 1990, wadda ta yarda a cire ciki kafin kwana 120 idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da nakasa mai tsanani kuma iyaye suka nema. Ƙudurin da ya fayyace yadda za a yi aiki da dokar ta 2006 bai fito ba sai a 2019.

Aiki da dokar

Sharaɗin rukunin likitoci yana da sauƙin cikawa a Yamai, ko a babban asibitin ƙasa na Zinder da cibiyar lafiyar uwa da yaro ta garin. A CSI ɗin karkarar Tanut, Gure ko Magarya, inda galibi malamin asibiti ne ko ungozoma ke riƙe da wurin, sai an tura mace gaba, da kuɗin mota da na jinya.

Abin da ba shi da shamaki a doka shi ne kula da mace bayan ciki ya zube, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SAA. Taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a ya tsayar cewa ko ina dokar ƙasa ta tsaya, macen da ta zo da zubar jini ko zazzaɓi bayan ciki ya zube tana da haƙƙin a yi mata magani. Nijar ta shigar da wannan aiki cikin tsarin asibitocinta. Iyakar da ke tsakaninsa da abin da doka ta hana ita ce ta jawo rikici a watan Nuwamban 2018, lokacin da ma'aikatar kiwon lafiya ƙarƙashin minista Idi Illiassou Maïnassara ta rufe cibiyoyin ƙungiyar Marie Stopes ta Ingila, bisa zargin cewa ana zubar wa ƴan mata da ciki a can saɓanin dokar 2006.

An kuma ɗauki matakan da ke rage matsalar daga tushe. Daga 2005 zuwa 2006 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki da magungunan tazarar haihuwa a matsayin kyauta. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje na farko a jihar Zinder da tallafin UNFPA, inda magidanta ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashen yankin. Ƙudurin watan Disamban 2017 kan kare ɗiya mace a makaranta, da umarnin ministoci na 2019, sun buɗe wa ɗalibar da ta yi ciki ko aure hanyar ci gaba da karatu, alhali a da korar makaranta na cikin abin da ke tura ƴan mata ga zubarwa a ɓoye.

Alƙaluma

Nijar ƙasa ce da ake son haihuwa. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, a jihar Zinder kuma 8,5. Binciken 2021 ya nuna adadin ƙasa ya sauka zuwa 6,2. A 2012, kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 sun yi aure kafin su cika 18, kuma kashi 12 cikin 100 kaɗai na matan aure ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa. Ƙiyasin cibiyar Guttmacher da hukumar lafiya ta duniya, OMS, na shekarun 2015 zuwa 2019 ya nuna Nijar ce ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara ƙarancin cikin da ba a shirya masa ba, 49 cikin kowace mace 1000 a shekara.

Ƙarancin adadi bai rage haɗarin ba. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da shirin PMA ya gudanar kan shekarar 2021 ya ƙiyasta kusan mace 7 cikin 1000 ke zubar da ciki a shekara, kuma fiye da 9 cikin 10 na waɗannan an yi su ne ta hanya mai haɗari: ba a asibiti ba, da saiwoyi ko ƙwayoyin masu tallar magani. Sakamakon shi ne zubar jini, ruɓewar mahaifa, rashin haihuwa har abada, wani lokaci mutuwa. Binciken 2012 ya ƙiyasta mace 535 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100.000. A duniya, OMS ta ɗora kashi 4,7 zuwa 13,2 cikin 100 na mutuwar masu juna biyu a kan zubar da ciki ba bisa ƙa'ida ba. Ba ƴan mata kaɗai abin ya shafa ba: akwai mai goyon da ta yi rurrutsa, da matar da mijinta ya daɗe a ci-rani a Libiya ko Aljeriya, da bazawara.

Maƙwabta

A arewacin Najeriya, inda mutanen Magarya da Matamaye ke shiga kullum, kundin laifuka na 1960 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14, bai keɓe komai ba sai ceton ran uwa, duk da cewa Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Maputo tun 2004. Mali ta keɓe fyaɗe da cikin muharrami a dokarta ta 2002. Burkina Faso ta yi haka tun 1996. Benin ta wuce su duka a watan Oktoban 2021, da ta ba da dama har mako 12 idan cikin zai jefa mace cikin ƙuncin rayuwa, karatu ko aiki. Tunisiya, ƙasar Malikiyya, ta halatta shi a watanni ukun farko tun 1973. Siyasar Amurka ma tana taɓa asibitocin yankin: ƙa'idar hana tallafi ga ƙungiyoyin waje masu aikin da ya shafi zubar da ciki, wadda aka fara a 1984, ana ɗage ta ana mayar da ita gwargwadon jam'iyyar da ke mulki, kuma an sake mayar da ita a Janairun 2025.

Inda muhawara ta tsaya

Babu wata babbar jam'iyya ko ƙungiya a Nijar da ta tsaya a kan neman a halatta zubar da ciki ga duk mai so. Jayayyar ta fi karkata ga fyaɗe da cikin muharrami. Wasu likitocin mata, lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata na ganin bai dace a tilasta wa yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta goyi cikin ba, suna kafa hujja da Mali da Burkina Faso da kuma sassaucin wasu mazhabobi kafin busa rai. Ƙungiyoyin addini na ganin ɗan tayi ba shi da laifin ubansa, kuma buɗe wannan ƙofa zai jawo wasu. Maganin a wurinsu shi ne tarbiyya da hukunta mai fyaɗe. Cocin Katolika da sauran majami'u su ma suna adawa da faɗaɗa dokar.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine kundin tsarin mulki na 2010 tare da rushe majalisar dokoki, wurin da aka saba yin irin wannan muhawara. Har zuwa wannan lokaci Nijar ba ta tabbatar da yarjejeniyar Maputo ba. Ga mai neman sanin matsayinsa a aikace, abu uku ne: zubar da ciki a wajen hali biyun da dokar 2006 ta keɓe laifi ne, a cikin hali biyun, rukunin likitoci ne ke yanke shawara a asibiti, macen da ciki ya zube mata kuma, ko ta wane dalili, tana da haƙƙin a karɓe ta a yi mata magani, kuma jinkirin zuwa asibiti idan jini ya ɓalle ko zazzaɓi ya taso shi ne ya fi kashewa.